Wasiƙa Daga Garwa: Kafin Ka Sayi Farin Aku Mai Tukku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a jaridar nan in amsa wata tambaya da ta ishe ni a shago. Ni tela ne a Garwa, nan arewacin Kamaru, kuma duk mai kawo mini ɗinki ya san akwai aku a bakin ƙofata, irin mai toka-tokar nan mai jan bindi. Gadonsa na yi daga baffana, Allah ya ji ƙansa, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa babbar mota tsakanin nan da Kudu. Da yake tsuntsun yana magana, sai mutane suka mai da ni malamin tsuntsaye ƙarfi da yaji. Tun da bidiyon wasu fararen tsuntsaye masu tukku ya cika wayoyi, suna rawa suna baza gashin kai, da wuya a wuni wani bai tsaya ya ce mini, “Malam, in na sayi irin wannan, wata nawa zai yi kafin ya fara magana?” Amsar ta fi ƙarfin mutumin da ke da tef a wuya da allura a baki, shi ya sa na zauna na rubuto.

Wancan farin tsuntsu dai ba akunmu ba ne. 'Yan kasuwa suna ce masa kokatu. Danginsu ɗaya da namu, amma ba ɗan Afirka ba ne ko kaɗan. Iri 21 ne, kuma daga can gabas mai nisa suke, wajen Ostireliya da tsibiran Indunusiya da Niyu Gini da Filifin da maƙwabtansu. Namu mai tokar nan shi ne gwanin baki. Yana ɗaukar muryar mutum ya mai da ita yadda ya same ta, har matar gida ta amsa kira ta fito ta tarar maigidan bai ma dawo ba. Kokatu kuwa yawancinsu 'yan kalmomi suke riƙewa, su ma a shaƙe, sai wanda ya saba da su ke gane abin da suke faɗa. Wani ma har ya tsufa ba zai furta ko ɗaya ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne ihu, da wayo, da son jiki. Mai sayarwa ba zai gaya maka haka ba, wanda ya ɗora bidiyo kuma minti ɗaya na rawa ya ɗora, bai nuna maka sauran wunin ba.

Ba labari aka ba ni ba, akwai ɗaya a layinmu. Wani Alhaji ne, dattijon kirki, ɗansa ya sayo masa daga Duwala da kuɗin da ya isa a sayi babur. Fara ce fat, sai ɗan ruwan ɗorawa a ƙarƙashin fiffike, bakinta baƙi. Mace ce, don idonta ja-ja ne mai ruwan ƙasa, na namiji kuwa baƙi ne. In ka shafa bayanta sai tafin hannunka ya yi fari da wata ƙura mai laushi da ke fita daga gashinta. An ajiye ta cikin keji a lungun zaure, aka jona wata tsohuwar waya a gefe tana ta maimaita “Assalamu alaikum” daga hantsi har isha'i. Sallama dai ba ta koya ba. Abin da unguwa ta samu shi ne ihu da asuba, ihu da almuru, wanda ake ji har bakin titi. Da maƙwabta suka fara ƙorafi sai aka riƙa lulluɓe kejin da bargo rana tsaka. Ba a daɗe ba ta shiga fige gashin ƙirjinta da kanta, har fata ta fito fili. A nan ne Alhaji ya aiko a kira ni.

“Malam,” in ji shi, “duba mini wannan asarar. An ce mini irinsu har addu'a suke yi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wa ke zama da ita?”

Ya dube ni sheƙeƙe. “Wa zai zauna da tsuntsu? Ga waya nan tana yi mata karatu.”

Amsar nan ta Alhaji ita ce ciwon gaba ɗaya, kuma ba shi kaɗai ke ba da ita ba. A daji aku ba ya zama shi ɗaya. Garke-garke suke kwana, garke-garke suke fita kiwo, namiji da mace kuma in sun haɗu sukan daɗe tare, galibi har mutuwa. Kukan da suke yi wa juna ba duka ake ƙyanƙyashe su da shi ba, koya suke yi. Da shi suke gane nasu, da shi wannan ke sanar da wancan inda yake. In ka raba shi da 'yan uwansa ka kawo shi gida, to mutanen gidan sun zama 'yan uwan, sai ya shiga kwaikwayon kukansu don a san da shi. Maganar aku ke nan. Muryar da ke fita daga waya ba ta kallonsa, ba ta miƙa masa komai, in ya gwada ba ta amsawa. Wani tsuntsun yakan ɗauki ƙarar, amma a wurinsa ba ta da maraba da ƙarar injin niƙa.

Nawa ban taɓa zaunar da shi na ce yau akwai darasi ba. Zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo masa farin kai. Ya iya ƙarar keken ɗinki, har da 'yar tsayawar da nake yi in juya yadi. Ya iya almakashi, ya iya tarina, ya iya kukan wayata, har nakan laluba aljihu a banza. Da yake Garwa gari ne na harsuna, yakan tari mai shigowa da “sannu da zuwa” ko da “jam na” ta Fillanci, duk wadda ta zo masa baki. Amma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne abin da ya fi ji. Ana gab da Sallah, mai kaya ya shigo fuska a murtuke, kafin in buɗe baki sai a ji daga bakin ƙofa, da muryata sak: “Dawo gobe, saura maɓalli.” Telolin da ke karanta wannan sun san ba sharri ya yi mini ba.

Kafin in je gidan Alhaji mashawarta sun riga ni. Direbansa ya ce a ɗan yanke ƙarƙashin harshen, wai a ɗaure yake. Wani ya ce a riƙa ba ta barkono don bakinta ya buɗe. Wani marar tsoron Allah ma ya ce a ɗiga mata giya. Edita, ko za ka yanke komai a wasiƙar nan, don Allah ka bar wannan: muryar tsuntsu ba daga harshe take tasowa ba. Daga can ƙasan maƙogwaro take fitowa, cikin ƙirji, daidai inda hanyar iska ta rabu biyu zuwa huhu. Akwai wata 'yar gaɓa a wurin mai siraran fatu da tsoka, iska ta bi ta kaɗa su, sauti ya tashi. Harshen nan mai kauri gyara sautin yake yi a hanya, tare da buɗe baki da tsuke shi, tunda aku ba shi da leɓe. Da harshen kuma yake juya ƙwaya yana ɓarewa. Wanda ya sa reza a wurin ya ɓata abin magana da abin cin abinci a lokaci guda, in ma jini bai kashe tsuntsun ba. Barkono kuwa tsuntsaye ba sa jin yajinsa, za ta ci abinta hankali kwance, ba abin da zai ƙaru. Giya guba ce a jikinta, ban da alhakin da mutum ya kwasa.

Hanyar da na ga tana aiki ba ni na ƙago ta ba. Ɗana da ke jami'a a Ngawundare ne ya karanto mini labarinta. Wata masaniya Ba'amurkiya, Irene Pepperberg, ita ta yi suna da ita. A 1977 ta sayi aku mai toka irin nawa a wani shagon dabbobi a Shikago, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana aiki da shi har ya mutu a 2007 yana da shekara 31. Ya san kalmomi sama da 100, yana faɗin launin abu da siffarsa, yana ƙirgawa har shida, in an nuna masa abu biyu kuma yana iya faɗin me ya haɗa su, me ya raba su. Ga yadda hanyar take: mutum biyu ne suke zama a gaban tsuntsun. Ɗaya ya ɗaga abu ya tambayi ɗayan sunansa. In ya faɗa daidai a yaba masa a miƙa masa abin, in ya kuskure a hana shi. Sai su yi musaya, mai tambaya ya koma mai amsa. Tsuntsun yana kallo, yana ganin kalmar nan ita ke kawo abin nan, ga kuma wani yana cinye masa rabo a kan idonsa.

Amma ba da wannan muka fara ba, don tsuntsuwar a tsorace take da kowa. Na roƙi Alhaji a fid da kejin daga zaure a kai shi ƙarƙashin rumfar tsakar gida, inda Hajiya ke zama tana tsintar wake, yara suna kai da kawo, a jingina bayansa da bango don kada a riƙa ɓullo mata ta baya. Aka cire wayar, bargon kuma aka ce sai dare. An yi makonni ba wanda ya nemi ta ce komai. Mai wucewa ya ce mata “sannu” a hankali ya wuce abinsa. Cikin jikokin Alhaji akwai wata yarinya 'yar firamare mai haƙuri, ita ta fara miƙa mata masara ta tsakanin ƙarafan keji, tana kau da ido gefe, don tsuntsu ba ya son a zura masa ido. Ranar da tsuntsuwar ta sunkuyar da kai ta matso da shi jikin ƙarfe tana neman a sosa mata ƙeya, na ce wa Hajiya to yanzu a fara.

Da sassafe kafin makaranta, ko da la'asar sakaliya, lokacin da bakinta ya fi sakuwa, yarinyar da yayanta sukan shimfiɗa tabarma a gabanta da dafaffiyar masara marar gishiri. Ta ɗaga ƙwaya ɗaya ta ce, “Yaya, mene ne wannan?” Ya ce, “Masara.” Ta ce, “Yauwa, masara!” ta ba shi, ya jefa a baki yana lumshe ido da gangan. Wani zagayen ya ce “ayaba”, ta ce “a'a”, ta juya masa baya. Ita kuwa mutuniyar tana kan sanda, tukku ya miƙe ya baje, tana taku daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tana karkata kai tana kallonsu da ido ɗaya. Ba a jan zaman. Da ta fara gyaran gashi ko ta ba su baya, an tashi ke nan. An daɗe ana haka ba abin da ake ji sai wani gunaguni ƙasa-ƙasa da take yi ita kaɗai da tsakar rana, har Hajiya ta ɗauka ciwo ne. Na ce mata, “Hajiya, bita take yi, nawa ma haka yake yi kafin sabuwar kalma ta fito.” Sai wata la'asar ta ce wani abu mai kama da “ara”. Nan take yarinyar ta miƙa mata. Wannan saurin shi ne kan aikin. In aka tsaya shewa da kiran maƙwabta kafin a ba ta, ba za ta san me ta yi aka biya ta ba.

Yau tana cewa “sannu”, tana cewa “ara”, tana kiran rabin sunan yarinyar, ta kuma ɗauki “kai!” ɗin da Alhaji ke yi in an ɓata masa rai. Shi ke nan, kuma na gaya masa ya sa a ransa mai yiwuwa ba za ta wuce nan da nisa ba. Bai ji daɗi ba. Ni dai a ganina ba Alhaji ne ya fi cutuwa a cinikin nan ba.

Ihun bai tafi ba, raguwa ya yi. Na safe da na yamma ɗabi'a ce, kiran garke ne, ba mai hana shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ake iya ragewa shi ne na neman a kula. In ta ƙwalla ihu kowa ya rugo, ko da tsawa aka zo mata, ta ci riba: ta kira, an zo. Sai na ce a ƙyale ta har ta sarara, da ta yi ƙaramin sauti ko ta ce “sannu” a amsa mata daga duk inda ake, ko daga madafi ne. Haka abin yake a wajen zagi. Wani yaron shagona ya taɓa ɗura wa abokinsa ashar a gaban akuna, tsuntsun ya maimaita, shago ya fashe da dariya. Dariyar nan ita ta dasa masa shi. Sai da na hana kowa ko murmushi in ya faɗa, har da masu zuwa hira, sannan ya rage. Duk da haka har gobe in yara sun taru a bakin ƙofa yakan gwada sa'arsa, kuma ba ya duba ko liman ne ke wucewa.

Inda kokatu ta yi wa akuna fintinkau shi ne aikin baki da ƙafa. Sakatar kejin ta gane kanta, sai da aka sa kwaɗo. Ta tsinke carbin Alhaji ta bi 'ya'yan tana farfasawa, ta gwaigwaye gefen ƙyauren taga. Ba ƙeta ba ce, bakin ne ba ya iya zama ba aiki. Na ce a jibge mata rassan gwaiba da kwalaye ta yi ta yaga, a naɗe mata gyaɗa cikin takarda ta nema da kanta. Tun da aka fara haka figar gashin ta ragu, ƙirjin ya soma tsiro. 'Yan uwanta masu rawayan tukku a birnin Sidni na Ostireliya har murfin kwandon shara suka koyi ɗagawa. Masu binciken da suka bi lamarin sun wallafa a 2021 cewa kafin 2018 a unguwanni 3 kawai aka san su da wannan, zuwa ƙarshen 2019 kuwa ya kai unguwanni 44, domin kallon juna suke yi suna koya. Rawar da ake gani a waya ma gaskiya ce: wani kokatu mai suna Snowball a Amurka an gwada shi, ana ƙara saurin kiɗa ana ragewa yana bi da kai, aka wallafa sakamakon a 2009. Mai son tsuntsun wasa, in yana da lokaci da maƙwabta masu haƙuri, zai same shi a nan. Mai neman abokin hira kuwa ya ɓata hanya.

Akwai kuma abubuwan da ke kashe su a gidajenmu ba a sani ba, kuma babbansu hayaƙi ne. Numfashin tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar guba, don haka turaren wutar da mata ke turara ɗaki da shi, da maganin sauro na kunnawa da na fesawa, da hayaƙin gawayi da na janareto, duk a nisanta su da keji. Kaskon suyar nan na zamani marar kamu, in an manta shi a wuta ya yi zafi fiye da kima, tururinsa kan kashe aku cikin ɗan lokaci. Fiya guba ce gare su, haka cakulan da kofi da shayi da goro. Na sha kama dattawa suna gutsura wa nawa goro don wasa. Gyaɗa zalla, wadda ita ce abincin aku a yawancin gidaje, maiƙo ne ya yi mata yawa, gara a mai da ita tukuici, kuma a duba kada ta yi fumfuna, don fumfunar gyaɗa tana lalata hanta. Ga gwanda da gwaiba da mangwaro da karas da ganyen zogale da dafaffen wake, duk a kasuwa suke. Zafin Garwa kuwa ba sai an faɗa ba, a watan Maris da Afrilu yana wuce digiri 40. In ka ga ta buɗe baki tana haki ta ɗaga fiffike daga jiki, a kai ta inuwa a yayyafa mata ruwa. Mai sharar ƙarƙashin keji shi ma ya fara jiƙa wurin, domin akwai ciwon huhu da mutum ke ɗauka daga ƙurar busasshen kashinsu.

Abin da ba wanda ke tambayata, alhali shi ya kamata a fara tambaya, shi ne tsawon rai. Wani kokatu mai suna Cookie a gidan namun daji na Brookfield kusa da Shikago ya mutu a 2016 yana da shekara 83. Ba kowanne ke kai haka ba, amma shekara 40 zuwa 60 ba abin mamaki ba ne gare su in sun sami kulawa. Baffana ya daɗe a ƙasa, akunsa kuwa har yau wani lokaci gab da magariba yakan ce, “Kai yaro, kawo buta,” da muryar marigayin, har da 'yar gyaran muryar da yake yi kafin ya yi magana. Goggona, ƙanwarsa, ta daina zuwa shagon da yamma saboda haka. Alhaji ya haura shekara 60. Yarinyar da tsuntsuwar ta shaƙu da ita za ta girma, a kai ta makarantar kwana ko ɗakin miji, kuma kokatu in ta zaɓi mutum ɗaya takan ciji sauran, in ya tafi ta koma figar gashi. Shi ya sa na nace wa Hajiya kowa a gidan ya riƙa ba ta abinci yana yi mata magana, kada a bar wa yarinya ita kaɗai. Mai niyyar saye ya fara sanin wa zai gaje ta, kuma ko magajin yana so.

Na san me wasu za su ce: tunda farin ba ya magana, a sayi mai tokar. Nan ma a dakata. Wanda ake kawowa a ɓoye cikin kwali daga Kudu ba a gida aka ƙyanƙyashe shi ba. A kudu maso gabashin ƙasar nan, wajen gandun dajin Lobeke, akwai filaye a tsakiyar kurmi inda suke sauka garke guda. Masu tarko sukan kafa sanduna masu danƙo, su ɗaure wani aku a gefe ya yi ta kuka yana janyo 'yan uwansa. Da yawa suna mutuwa a hanya, da ƙishi da cunkoso da karayar fiffike, kafin ɗaya ya iso hannunka. Tsuntsu ne kuma da ba ya fara ƙwai sai ya yi shekaru, 'yan kaɗan yake yi a kogon itace. A Gana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari sun ɓace tun daga 1992, saboda fatauci da sare dazuka. A taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, da aka yi a Johannesburg a 2016 an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, hanin ya fara aiki a farkon 2017. A nan Kamaru ma'aikatar dazuka da namun daji tana kama masu fataucinsu, waɗanda aka ƙwace kuma akan kai su cibiyar kula da namun daji ta Limbe a yi jinyarsu har gashi ya fito, a mai da su daji. Fararen ma ba su tsira ba. A 2015 'yan sanda a tashar jiragen ruwa ta Surabaya a Indunusiya sun kama kokatu sama da 20, an cusa kowanne cikin gorar roba ta ruwan sha.

Nawa ma daga kurmin nan ya fito, a zamanin da direbobi ke sayensu a bakin hanya ba mai tambaya. Ba zai iya komawa ba, zan riƙe shi har wani ya riga wani. Amma in ya mutu ba zan nemo wani ba, kuma masu zuwa suna raɗa mini wai an kawo 'ya'yan aku masu arha in zo in duba musu, su daina wahalar da ƙafarsu. Wanda ya nace sai ya saya, ya nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo, da zobe a ƙafa da takardar hukuma. In mai sayarwa ya fara kame-kame, ka san daga ina kayan suka fito.

Roƙona na ƙarshe gare ka ne, Edita. A Garwa muna da makarantar horar da ma'aikatan namun daji tun farkon shekarun 1970, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Muna kuma da likitocin dabbobi, sai dai yawancin aikinsu a kan shanu da awaki da kaji yake. Ka nemo mana ɗaya daga cikin masanan nan ka ba shi shafi da Hausa, ya yi bayanin figar gashi, da yadda ake gane aku ba shi da lafiya tun kafin ya faɗo daga kan sanda, domin ɓoye ciwo suke yi. Ya kuma gaya wa masu tsofaffin tsuntsaye irina wane ofis za mu je, da wace takarda. In an buga, ni zan kai wa Alhaji nasa da hannuna, in kuma karanta wa direbansa wajen maganar harshe.

Naka,
Wani tela,
Garwa, Kamaru.